Tsohuwar Kwamfutar Horia

A taron masu amfani da tsarin kwamfuta na Linux a birnin Cluj Tudor ya fara ganin Ilinca. Tana gaban baƙin allo tana nuna wa mutane sana'arta: yadda ake tattara manhaja da duk kayan da take dogara da su a ƙunshi guda, a kai kowace kwamfuta a danna, ta tashi. Kowa na rubuta abin da take faɗa, shi kuwa gogan naku bakinta yake kallo. Ya bar taron da lambar wayarta, kansa fayau babu ko kalma ɗaya ta darasin.

Soyayya ta yi nisa, sai dai mahaifinta Grigore, mai kiwon zuma a wajen gari, bai ga abin so a jikin yaron ba. Horia yake so ta aura, abokin karatunta mai shagon gyaran kwamfuta. Don ya burge tsohon, Tudor ya rubuta masa manhajar lura da amya, ya ƙunsa ta a sabuwar laftop ɗinsa dal, ya kai masa ranar Lahadi. Tsoho ya danna a tsohuwar kwamfutarsa. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

"A tawa fa tana aiki," in ji Tudor, gumi na keto masa.

"To ka auri taka mana," in ji Grigore. "Wanda aikinsa bai wuce ɗakinsa ba, ba shi zan ba 'yata ba."

Ba a daɗe ba Tudor ya fara ganin keken Ilinca jingine a ƙofar shagon Horia. Kishi ya turnuƙe shi, har sarmale, naɗin kabeji da nama da mahaifiyarsa ke dafawa, ya daina shiga masa. Ya tura saƙo:

"Zumata, kina ina?"

"Ina aiki, rabin raina. Zan kira ka."

"Aiki a shagon Horia?"

"Au, bina kake yi?"

"Kekenki ne ya faɗa min."

"To ka tambayi keken sauran labarin."

Ranar Asabar da rana haƙurinsa ya ƙare, ya banka ƙofar shagon. Ya same su kai da kai a gaban wata kwamfuta da tsufa ya mayar ruwan ɗorawa, suna dariya.

"Ga ango nan, fuska kamar hadarin gabas," in ji Horia. "Shigo, ba ma cizo."

"Da kai nake? Ilinca, in shi kika zaɓa ki faɗa min, in san inda dare ya yi min."

Ta juyo da allon gabansa. Manhajarsa ce a kai.

"Ƙunshi a kan tsohon tsari ake gina shi, Tudor. Abin da aka gina a tsoho yana tashi a sabo, na sabo kuwa ba ya kallon tsoho. Duk garin nan Horia kaɗai ke da irin tsarin Baba. Ranar da muka haɗu na faɗi wannan a gaban kowa. Kai me kake yi?"

"Ina... sauraro."

"Ƙarya. Bakina kake kallo." Ta sassauta murya. "Na gano abin da ya ɓace, amma ban buga umarnin ƙarshe ba. Aikinka Baba zai gani, ba nawa ba. Zauna."

Ya zauna a kujerar mutumin da ya kwashe makonni yana tsine wa a zuci. Allo ya nemi kalmar sirri, wadda Horia kaɗai ya sani. Horia ya naɗe hannu yana fito. Tudor ya sunkuyar da kai, da ƙyar ya ce, "Horia... don Allah."

"Me ka ce? Fankar nan ta cika ƙara."

"Na ce don Allah, ɗan'uwa!"

Horia ya sa kalmar sirrin, Tudor ya buga umarnin ƙarshe. Washegari ya kai wa Grigore sabon ƙunshin, tsoho ya danna, manhaja ta buɗe, ga amyoyinsa jere a allo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa Tudor cokalin zuma.

"Kai da ka iya komawa wajen tsoho, za ka iya zama da mu."

Aka ɗaura aure a cocin ƙauyensu lokacin nunar inabi. Ana tsakiyar rawa aka sace amarya bisa al'adarsu, wadda sai ango ya biya fansa a mayar masa da ita, kuma ba sai an faɗa muku ɓarawon ba. Tudor ya ji tsohon ciwo ya motsa, ya nufi shagon da gudu da kwat ɗinsa. Fansar da Horia ya nema ɗaya ce: ango ya rantse a gaban abokai ba zai sake cewa "a tawa tana aiki" ba.

Ya rantse, ya kama hannun matarsa gam.

"Har yanzu kishin?" ta raɗa masa.

"Har in mutu, Zumata."

Da suka koma, Grigore ya ɗora musu hannu a ka, ya ce Allah ya sa auren nan ya yi aiki a kowane gida suka shiga, sabo ne ko tsoho. Duk zauren ya amsa da amin.