Layi Goma Sha Biyu Masu Tsabta

Malamar makarantar ta rasu ranar Talata da hantsi, ƙafafunta a kumbure. Mijinta, wani tela, shi ya kawo ƙara. Sati biyu ke nan, duk sanda ya kai ta wankin ƙoda sai a ce masa babu sunanta a kwamfuta.

Sufeto mutum ne da ko wayarsa 'yarsa ce ke saita masa. Duk da haka ya tura Saja asibiti, shi kuma ya nufi kamfanin da ya gina musu manhajar.

Babban Injiniya ya tarbe shi, riga a goge, biro uku a jere cikin aljihu.

"Yallaɓai, akwai sashen da muke kira kwantirola. Mai gadi ne. Duk buƙatar da ta shigo, shi zai duba wa ya aiko ta, yana da izini ko ba shi da shi. Wani ya cusa masa layi goma sha biyu na umarnin kwamfuta da suka cire matar daga jerin masu wankin ƙoda ba da sanin likita ba."

"Wa?"

"Sunan Gaggawa, wani ƙaramin injiniyanmu, ne a kan aikin."

Gaggawa na can lungu, teburinsa kaca-kaca da wayoyi da kofuna. Ya rantse har da hawaye cewa bai taɓa ba, kuma babu wanda ya san kalmar sirrinsa. Sufeto ya miƙa hannu ya ɓare wata takarda da ke manne a gefen allon kwamfutar. Kalmar ce, ɓaro-ɓaro.

"Ƙarya ta farko. In ka ƙara, a kotu za ka ƙarasa, kuma zargin kisa ne."

Sufeto yana tausayinsa, amma tausayi ba hujja ba ne. Ya kira matar da ke gwada aikinsu kafin a sake shi, ya ce ta buɗe masa kwantirolar.

Layi dubu uku ne, wani kan wani, kamar an zazzage kwandon shara. Sufeto bai gane ko harafi ba. Amma da ta gangaro wajen layukan nan, sai ya ce ta tsaya. Sun jeru tsaf, da tazara, da ɗan rubutu a samansu.

"Wannan na sama fa?"

"Bayani ne, Yallaɓai. Har gwaji aka rubuta masa." Ta saci kallon ƙofar ogansu.

Wayarsa ta yi ƙara. Saja ne. Sufeto ya saurara, ya ce to, ya shiga ofishin Babban Injiniya ya zauna kamar wanda ya gama aiki.

"Rahoto zan rufe. Yaya aikin Gaggawa yake?"

"Ƙazanta! Shekara huɗu ina fama. Komai a kwantirola yake jibgawa, suna ɗaya ba ya raɗawa da ma'ana. Bai taɓa rubuta bayani ko gwaji ba, ko sau ɗaya."

"Ko sau ɗaya?"

"Zan rantse a kotu."

"To wa ya rubuta na layi goma sha biyun nan?"

Sufeto ya ci gaba.

"Ka ari sunansa, amma ka kasa aron ƙazantarsa. Kuma tsohuwar da ta gaji gurbin marigayiya, lambar wayarka ce a katinta."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Mahaifiyata ce. Wata biyar tana jira. Na ɗauka za su nema wa matar wani gurbin. Wallahi haka na ɗauka."

Aka sa masa ankwa. Sufeto ya juya wajen Gaggawa.

"Ka tsira. Asibiti sun ce a mayar da jerin yadda yake, yanzu."

Injiniya ya turje a bakin ƙofa.

"Ɗan'uwa, in ka goge, Inna za ta koma ta arba'in da ɗaya. Gobe ne wankinta."

Gaggawa ya dubi Sufeto. Sufeto ya ji abin har cikin ransa, amma akwai mutum arba'in a gabanta.

"Goge," in ji shi.