Matar da Ta San Sunan Jaririn Anti Kubura

An ɗauke wuta, muka fito da tabarma tsakar gida. Yaya Baraka, 'yar wan babanmu, ta rage hasken fitila, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu," ta ce. "Wannan ba tatsuniya ba ce. Kun san mutanen. Kun ci tuwo a gidansu."

Ba wanda ya motsa. Sai ta sassauta murya ta fara.

Kawu Badamasi ne da matarsa, Anti Kubura. Lokacin ɗansu na fari, wanda muke kira Abba, bai fara rarrafe ba. Aka yi dogon hutun damina, Kawu ya sayi wata tsohuwar mota, ya ce sai ya kai matarsa ta ga teku. Kakarmu ta hana.

"Ɗanyen goyo za ku kai bakin ruwan da ba shi da ƙarshe?"

Kawu ya yi dariya. Suka loda filas na ruwan zafi, da kunzugu, da garin kunu, da dambun nama, suka bar Gusau da sassafe.

Tun kafin Kwantagora yaron ya fara kuka. A ba shi nono, ya ƙi. A tsaya a gindin bishiya a yi masa fifita, ya yi shiru. Da an tada mota, ya dasa sabo. Suka kwana a Ilori, ba wanda ya runtsa. Suka ratsa cunkoson Ikko, suka wuce Badagiri, har suka kama ɗaki a wani ƙauyen masunta. Bayan ɗakin bishiyoyin kwakwa ne. Bayan kwakwar, teku.

Anti ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ruwa har ya haɗe da sama. Ga ruri, dare da rana, kamar babbar mota na zuwa amma ba ta isowa.

Washegari Juma'a ce. Kawu ya sa babbar riga zai tafi neman masallaci.

"Ki zauna a ɗaki. Kada ki fita sai na dawo."

"To, Malam. A dawo lafiya."

Amma ɗakin rufin kwano ne. Rana ta take, zafi ya sauko. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Ta goya shi, ta ɗaure majanyi, ta ce bari ta ɗan zaga da shi ya sha iska. Akwai wata siririyar hanya da ta ratsa cikin kwakwa. Ta bi ta. Ita kaɗai, da tsakar rana.

Ta yi ɗan nisa, sai ta lura. Ba kukan tsuntsu. Ba haushin kare. Ta ɗaga kai, tana ganin igiyar ruwa na tasowa, tana faɗuwa a kan yashi. Amma ba ƙara. Ko kaɗan.

Kuma yaron ya yi tsit.

A ƙarshen hanyar akwai wani kwalekwale a kife. Wata mata na zaune a kai. Doguwa, fara, da farin zane. Ta tusa ƙafafunta cikin yashi har idon sawu.

"Sannu da rana, 'yar nan. Kun sha hanya."

Da Hausa. Hausar gida, irin ta Gusau. Anti ta ji daɗi, har ta ɗan rusuna ta amsa.

"Yauwa, Baba. Ashe akwai mutanenmu a nan?"

"Muna nan. Mun daɗe."

A nan ta lura da wani abu. Matar ta riga ta rufe baki kafin maganar ta iso. Leɓe ya motsa, ya tsaya, sannan murya ta biyo baya.

Zanen matar jiƙe yake sharkaf. Ruwa na ɗiga daga gefensa. Yashin da yake ɗiga a kai kuwa busasshe ne ƙarau.

"Kin gaji da goyo. Kawo Safwanu in riƙe miki."

Ku saurara da kyau. Abba ɗan fari ne. Anti ba ta taɓa faɗin sunansa na yanka ba, saboda kunya. Kawu ma Abba yake ce masa. Tun da suka bar gida, sunan nan bai fito daga bakin kowa ba.

"Baba, wa ya gaya miki sunansa?"

"Shi ya gaya mini. Tun daga gadar Jebba yake kira na."

Anti ta ji yaron na motsi a bayanta. Yana miƙo hannu ta saman kafaɗarta. Yana dariya. Wannan yaron da ya kwana biyu yana kuka.

Ta ja da baya. Matar ta miƙe, ta zare ƙafafunta daga yashi.

Diddigen ne a gaba. Yatsun suna kallon teku.

Anti ta buɗe baki za ta yi a'uziyya, harshe ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Ta juya ta kama hanyar kwakwa. Tana tafiya, tana sauri, idonta a kan bishiyoyin. Amma bishiyoyin ƙara nisa suke yi. Sai ta ji sanyi a ƙafa. Ta duba. Ruwa ne, har ƙauri.

Ta ƙara sauri. Ruwa har gwiwa.

Muryar na nan daidai kunnenta, a hankali, ba faɗa.

"Ɗaya nake so, 'yar nan. Ba biyu ba. Kwance shi ki koma gida."

Sai ta ji ƙullin majanyi na warwarewa da kansa a ƙirjinta. A hankali. Kamar da yatsun mutum.

Ta damƙe shi da hannu biyu. Ta jawo yaron ta gefe, ta dawo da shi gaba, ta matse shi a ƙirji. Jikinsa sanyi ƙalau. Ba ya kallonta. Wuyansa a juye, yana kallon bayanta, yana wangale baki.

"Ke ƙuruciya gare ki. Za ki haifi wasu."

Ruwa har ƙugu. Yashin ƙarƙashin ƙafarta na zarewa.

Addu'a ta ƙi fita. Ihu ya ƙi fita. Kalma ɗaya ce ta rage mata a baki, wadda ba ta taɓa faɗi ba. Ta kama haɓar yaron, ta juyo da fuskarsa da ƙarfi.

"Safwanu! Ni ce uwarka. Safwanu, kalle ni!"

Ya kalle ta. Ya yi ɗif. Sai ya ɓare baki ya tsala kuka.

Nan take ƙarar teku ta dawo gaba ɗaya, kamar an buɗe ƙofa. Igiyar ruwa ta doke ta a baya. Ta ji hannaye sun cafke ta, ta fara kokawa. Ashe masunta ne, su uku, suna ihu da yarensu. Suka ja ta zuwa tudu. Kawu na can yana gudu, babbar riga a hannu, ba takalmi.

Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa. Tun bayan saukowa daga masallaci ake nemanta. Ita kuwa a ganinta ko tafasar ruwan shayi ba a yi ba.

Ta nuna musu wurin kwalekwalen. Babu kwalekwale. Sawu ne kawai a kan yashi. Nata, da wani dogon sawu a gefensa. Kawu ya ce ai wannan daga ruwa ya fito, ya nufi tudu. Wani tsohon masunci da ke jin Hausa kaɗan-kaɗan ya girgiza kai.

"Ba fitowa ba. Komawa. Ku tafi yau. Kar ku kwana."

Ba su kwana ba. Ko filas ɗin ba su tsaya ɗauka ba. Anti ba ta sauke yaron daga ƙirjinta ba har Gusau.

Nan Yaya Baraka ta dasa aya. Ƙanwata Sahura ta riƙe hannuna gam, ta tambaya.

"Yaya, shi ke nan ta rabu da su?"

"Abba ya girma, kuna ganinsa. Lafiyarsa ƙalau. Amma in kun je gidan ranar da ake ruwa mai ƙarfi, ku lura da shi. Yana cikin cin abinci, ko yana karatu, sai ya ɗaga kai ya dubi ƙofa."

"Ya ce me?"

"Ya ce, 'Na'am?'"

Ta kai hannu kan fitila.

"Duk wanda Allah ya kai shi bakin teku, kada ya bi hanyar cikin kwakwa shi kaɗai. Balle da goyo. In kuma wata ta gaishe ku da Hausar gidanku a inda ba ku san kowa ba, ku fara duba ƙafafunta kafin ku amsa."

Ta hure fitilar.