Ƙullin da Ba a Kwance Ba

Da aka watse makokin mahaifinsa, Mukhtaru ya bar unguwar Misfala ta Makka ya hau dutse da mota, har dajin manyan itatuwan da tsohon kan kai su shan iska. Ko sanyin wurin bai ji ba.

Da magariba gajimare ya sauko. Wani ya fito daga gindin itaciya cikin fararen ƙyallaye, ya shiga kujerar bayan motar ya zauna.

"Gangara da ni Makka, ɗana." Muryar a toshe take.

"Umara za a yi, Baba?"

Ƙamshin kafur ya cika motar, alhali mai harami ba ya shafa turare. Mukhtaru ya dubi madubi. Ƙullin likkafanin da ke saman kan mutumin ɗaurin hannunsa ne, wanda ya manta bai kwance ba a kabarin mahaifinsa.