Wutsiyar Kulɓa a Bakin Gwata

Kai Imoro, wa ya koya maka tambayar babba dalili? Na ce kada ka jefi kulɓa, sai ka ajiye dutse, shi ke nan. To tunda kunnenka na ƙaiƙayi, zauna. Ku ma ku matso.

Kana wata bakwai lokacin. Uwarka Zuera ta tafi kasuwar Tudu saro gero, ta bar min kai a tabarma. Magariba ta kawo kai, ladanin unguwarmu Maamobi ya fara kira. Na ɗauraye tukunyar koko da tafasasshen ruwa, na sheƙa shi a ramin bakin gwata, magudanar ruwan gidanmu. Ban yi bisimilla ba. Shekara talatin ina sana'ar nan, ranar kaɗai na manta.

Sai ga kulɓa ta fito a guje, jiki sumul, da layi biyu a baya. Ashe a ramin take da 'ya'yanta, ita ke cinye mana kyankyasai. Na kai mata tsintsiya. Ta yar da wutsiya ta tsere, yadda suka saba.

Wutsiyar kulɓa takan ɗan yi motsi ta mutu. Wannan ta ƙi. Aka yi salla aka shafa, tana ta bugun siminti. Tas. Tas.

Kai kuma ka sandare. Ba kuka. Jikinka kamar garwashi.

Sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika tsakar gida. Rediyon maƙwabta ya yi tsit. Ga wata mace a ƙofa, siririya, wuyanta na sheƙi. Ba ta yi sallama ba.

"Koko ya ƙare," na ce.

"Kin ƙona min biyu," ta ce ƙasa-ƙasa. Idonta na kanka.

Ni ban yi boko ba, amma na san mai gaskiya in ta zo. Na durƙusa na ɗauki wutsiyar. Ta nannaɗe min yatsa, sanyi ƙalau. Na mai da ita bakin ramin, na yi bisimilla, na zuba ruwan randa. Na ce, "Ni na yi. Yaron bai san komai ba."



Wutsiyar ta tsaya. Ka tsala ihu. Na waiga, ba kowa.

Tun ranar kulɓar ke shan hantsi a katangarmu da guntuwar sabuwar wutsiyarta. Duk inda ka yi, kanta na bin ka. Ita ka ɗaga wa dutse yau.

Layi biyun nan da ke bayanka, ba da su aka haife ka ba.

Sauke rigarka, ba yanzu za ka duba ba. Ku tashi ku kwanta, kada in ji ko tari.