Turakun Kukar Na'iya

Shekara guda bayan samun mulkin kai, masu awon ƙasa suka sauka a Fakku, ta ƙasar Kebbe. A cikinsu akwai Atu, ɗan Tambuwal, saurayi mai ilimin boko da saurin baki. Aikinsa shi ne ya hau duk wani tudu ko dogon itace ya kafa tuta, don masu auna nisa su hango ta. Kullum za a gan shi da jaka a baya, gorar ruwa a kwiɓi, takalmi mai ƙusoshi a ƙafa, ga doguwar igiya naɗe a kafaɗa.

A gindin wata babbar kuka da ke bayan gari ya fara ganin Bara'atu. Ta kawo wa mahaifinta fura, ta tsaya tana kallon baƙon da igiyarsa, dariya na neman ƙwace mata.

"Malam, jakinka ne ya tsinke?"

"Ni ne jakin," in ji Atu. "Kaina nika ɗaurewa."

Ta rufe baki da gefen mayafi. Shi kuwa ya manta da tutar da ya zo kafawa, ya tsaya yana nuna mata yadda ake jefa igiya bisa reshe, da ƙullin da ake yi a ƙugu wanda ba ya zargewa ya shaƙe mutum. Ta ce ba ta taɓa ganin namiji mai tsoron ƙasa irinsa ba. Daga ranar ta sa masa suna Mai Igiya, shi kuma yake kiranta Bara.

Mahaifinta, Na'iya, mai zuma ne. Amya bakwai yake da su a kan kukar nan, kuma shekara talatin yana hawa da sauka ta kan turakun icce da ubansa ya kafa a jikinta tun daga ƙasa har rassa. Bai taɓa ɗaura igiya ba. Da Atu ya gaishe shi ya kawo maganar, har ya ƙara da cewa yana da wata igiyar da zai ba shi kyauta, Na'iya ya dube shi daga takalmi har hula. Ya ce dabba ake ɗaurewa, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko da sarƙa aka ɗaure shi sai ya faɗo.

Atu bai iya haɗiye magana ba. Ya ce Allah da ya rubuta kwana shi ne ya halicci rama da ake tufka igiya. Ya ce a garuruwa uku da ya ratsa ya ga guragu biyar, duk daga kan kuka, kuma kowa ya tambaya sai a ce ƙaddara, kamar ƙaddara ce ta hana mutum gwada turke kafin ya taka. Gaskiya ya faɗa, amma a tsaye ya faɗe ta, ga dattijo, a gaban 'yarsa.

Saboda haka da manyan Atu suka zo daga Tambuwal neman aure bayan wata biyu, Na'iya ya ba su ruwa, ya hana su magana. Ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mai kwana a daji da gida a baya, wanda kuma bai san yadda ake yi wa babba magana ba. In aure take so, ga Sambo ɗan wansa nan, mai shanu, mai zama wuri ɗaya.

Bara'atu ta yi aji uku a elementare ta Kebbe, ta iya boko. Gwaggonta Dada, mai kai daddawa kasuwar Tambuwal, ita ke ɗaukar musu wasiƙa a ƙarƙashin faifai.

"Mai Igiya," ta rubuta, "Baba ba mugu ba ne. Kai ne ka shigo masa ta katanga alhali ga ƙofa. Ka yi haƙuri, ka rage baki. Ni ban ce wa Sambo komai ba, ba kuma zan ce ba. Taka, Bara."

Ya amsa: "Bara tawa, zan rage baki. Amma duk ranar da na tuna Baba yana bisa turakun can sai abinci ya fita raina. Ki roƙe shi ko sau ɗaya ya bari in duba su."

Ta roƙa, Na'iya ya ƙi.

Wata ranar Laraba da hantsi, Atu ya biyo ta gindin kukar, babu kowa. Ya jefa igiyarsa ya hau yana gwada turakun ɗaya bayan ɗaya. Wajen tsakiya, sama da tsayin mutum uku, ya sami guda biyu suna ɗan motsi. Ya girgiza su, ya zare su, ya jefa cikin jaka. Niyyarsa ya kai wa maƙeri ya ƙera na ƙarfe, ya dawo ya kafa kafin Juma'a, sannan ya je ya durƙusa ya gaya wa Na'iya. Da azahar shugabansu ya ce a ɗaure kaya, za a tafi wasu tuddai kudu da Kebbe. Atu ya ce a ransa kwana biyu ne, zuma kuwa ai sai ƙarshen wata ake ɗiba. Ya tafi bai gaya wa kowa ba.

Ran Alhamis da magariba Na'iya ya hau. Ya ga gurbin turakun, ya yi tsaki, ya miƙa ƙafa ya tsallake. Wajen saukowa ne, da ƙwaryar zuma a hannu, hayaƙi a ido, ƙudan zuma na harbinsa a wuya, ƙafarsa ta tafi inda ta saba tafiya shekara talatin. Ba ta sami komai ba.

Atu ya dawo ran Juma'a da safe ya tarar ana shirin ɗora Na'iya a kan jaki a kai shi wurin mai ɗori, ƙashin ƙugunsa a karye, yana ta zufa. Ya hana. Ya sa aka sare sanduna biyu, ya ɗaure bargonsa a tsakani, aka kwantar da dattijon a miƙe. Shi ya riƙe gaba, bai yarda an karɓe shi ba har bakin hanyar mota, inda suka sami babbar mota zuwa asibiti a Sakkwato. Kafaɗunsa suka saɓule. Turaku biyu suna cikin jakarsa duk tsawon tafiyar.

A Fakku kuwa an riga an gama shari'a. Wasu suka ce ƙaddara. Wasu suka ce mutanen ɓoye da ke zaune cikin kukar ne suka zare turakun, don Na'iya ya yi musu wani laifi. Mata suka daina sayen zumarsa. Ba mutum ɗaya da ya je ya dubi ramin turken ya ga cewa hannu ne ya girgiza shi. Haka muke. Mun karɓi mulkin ƙasa, amma tambayar "wa ya yi?" har yau nauyi take mana, gara mu ɗora wa wanda ba ya zuwa gaban alƙali.

Bayan wata biyu aka dawo da Na'iya, ƙafa ɗaya ta gajarce, yana dogara sanda. Likita ya ce da a kan jaki aka kawo shi, da bai sake tsayawa ba. Na'iya ya aika aka kira Atu, ya ce a gaban 'yan'uwansa ya janye maganarsa, ya ba shi Bara'atu, a sa rana bayan kaka.

Dada ta yi guɗa. Bara'atu ta leƙo ta bayan zana, fuskarta kamar an kunna fitila. Atu ya sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka kunya ce.

Kwana tara Atu yana yawo da asirin turakun a ransa. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai taɓa sani. Abin da ya daɗe yana roƙo an miƙo masa, sharaɗin kawai ya bar aljanu su ɗauki laifinsa, shi da ya cika wa mutane kunne da cewa a daina fakewa da ƙaddara. Ya ji Na'iya da bakinsa yana cewa wataƙila kukar ce ta gaji da shi, yana faɗa yana kallon ƙasa kamar wanda aka kora daga gidan ubansa.

A rana ta goma, bayan la'asar, ya shiga zauren Na'iya. Bara'atu na nan ta kawo wa uban ruwa. Ya durƙusa, ya buɗe jaka, ya ajiye turakun a kan tabarma.

"Baba, ba aljanu ba ne. Ni ne."

Ya faɗi komai, bai rage ba. Na'iya ya ɗauki turke ɗaya ya jujjuya, ya danna shi da farce. Ya ce ƙirya ce, gara ba ta cinta. Ya ce turken kuka yakan yi motsi da rani in jikinta ya saki, da damina kuma ta kama shi ta riƙe, kuma waɗannan biyun sun fi Atu shekaru. Da Atu ya tambaya, da an gaya masa.

Bara'atu ba ta yi kuka a nan ba. Ta ajiye kwanon ruwan a hankali, ta fita.

Wasiƙarta ta iske shi a Tambuwal.

"Atu, ni na wanke wa Baba rauni, ni nake juya shi in ya gaji da kwanciya. Duk lokacin ina sa maka albarka a zuciyata. Ka bar ni ina gode wa hannun da ya jefo shi. Wata biyu da kwana goma kana kallona ina yi. Na san ba mugunta ka nufa ba, shi ya sa abin ya fi ciwo, don ban san inda zan ajiye fushina ba. Kada ka rubuto."

Bai rubuta ba. Ya karanta ta har takardar ta yage a lanƙwasa. Ya rame, ya daina gardama da kowa, abokan aikinsa suka ce kamar an canza shi. Labari ya zo masa cewa dangin Sambo sun koma da goro, kuma Na'iya ya ce wannan karon bakin yarinya zai bi.

Ana nan sai saƙo ya zo, ba daga Bara'atu ba, daga ubanta. Zuma ta nuna a amya bakwai, ba wanda ya yarda ya hau kukar. Na'iya ya ce wanda ya sauko da mai hawa, shi zai hau.

Atu ya riƙa zuwa duk ranar da ba aiki. Na'iya na zaune a ƙasa da sandarsa yana ba da umarni, yana faɗa. Ya koya masa irin iccen da ake feƙe turke da shi, da yadda ake jin lafiyar turke ta ƙararsa in an ƙwanƙwasa, da yadda ake yi wa zuma hayaƙi ba a ƙona ta ba. Atu kuma yakan bi igiyarsa kamu-kamu a gabansa yana neman inda ta cinye, ya ce ba ya sakin hannu sai ƙafafunsa biyu sun zauna, ba ya ɗaga ƙafa sai hannuwansa biyu sun riƙe. Na'iya ya ce wannan ko biri ya sani. Amma mata sun dawo sayen zuma, dattijon kuma ya koma zama a majalisa yana ɗaga kai.

Bara'atu takan kawo fura ta ajiye ta juya. Ko gaisuwarsa ba ta amsawa sai da ka.

Amya ta ƙarshe tana can ƙarshen wani reshe da babu turke. Atu ya ce wannan sai da mai riƙe masa igiya daga ƙasa, yana saki kaɗan-kaɗan. Sambo da aka yi da shi zai zo bai zo ba. Na'iya ba ya iya tsayuwa da nauyi. Ya dubi 'yarsa da ke shirin tafiya ya ce ta ajiye ƙwaryar.

Atu ya nuna mata yadda za ta zagaya igiyar a jikin wani kututture, ta riƙe da hannu biyu, kada ta naɗa a yatsa. Bai dubi idonta ba.

"In ta kuɓuce miki, ba mai ganin laifinki," ya ce a hankali.

"Hau, Malam. Rana tana faɗuwa."

Ya hau. Ya bi reshen a kwance, ya kwance amyar, ya zuro ta, ya dawo. Ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta zame ba, nauyinsa bai taɓa sauka kan igiyar ba. Da ya dira ƙasa ya ce ta iya saki. Ba ta saki ba. Sai da Na'iya ya matso da sandarsa ya ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya. Tafin hannunta duk ya yi jini saboda riƙo.

Ta dubi hannun, sai kukan da ta riƙe tun ranar zaure ya ƙwace mata.

"Ban yafe maka duka ba," ta ce. "Ban san ranar da zan gama ba."

"Zan jira, Bara."

"A gidanka za ka jira, ina ciki. Ba na iya riƙe ka daga nesa, hannuna ya gaji."

An ɗaura aure bayan kaka a ƙofar gidan Na'iya. Shi kaɗai ne a kan kujera, don ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa ya zauna a tabarma, kuma duk wanda ya dube shi ya san dalili. Amarya ta yi kuka fiye da na al'ada, Dada ta ƙyale ta. Da aka shafa fatiha, Na'iya ya kira ango, ya ɗora masa hannu a ka ya daɗe bai ɗauke ba.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka," ya ce. "Duk abin da ka ga yana motsi a gidanka, ɗana, ka tambaye ta kafin ka taɓa."

Jama'a suka ce amin.