Farantin da Japheth Ya Yi Wa Rubutu

Clara ta dawo daga coci ta tarar da bangon barandarta a Samaru fayau. An sace farantin solar da mijinta Japheth ya yi mata rubutu a bayansa.

Farantan shida ne, duk sun tsufa, sun daina ba da wuta. Biyar ta ajiye a tsakar gida don masu sake sarrafa su a Chikaji. Na shidan ta rataye, domin tun da Japheth ya rasu, rubutun hannunsa kaɗai ya rage mata.

Sajan Mojisola, 'yar sandan da aka turo, ta duba bangon, ta duba bakin taga. Notuna huɗu a gefe guda, guntun wayar jan ƙarfe a naɗe a ɗaya gefen.

Remi ɗan gwangwan aka fara kira.

"Haba Sajan! In bar biyar a ƙasa in hau bango? Ni da guduma nake aiki, ba ni da lokacin kwance noti."

Ta sallame shi. "Madam, wa ya san da rubutun?"

Clara ta sunkuyar da kai. "Kingsley. Shi ya sauke su. Shekara biyu yana neman aurena."

Sajan ta tafi da Clara shagon masu sake sarrafawar a Chikaji, inda Kingsley ke aiki. Komai da mazauninsa: alminiyam nan, jan ƙarfe can, notuna cikin gwangwani.

"Ina kake da ƙarfe goma na safe?" Sajan ta tambaye shi.

"Coci," in ji Kingsley.

"Ɓarawo na gaggawa. Namu kuwa ya tsaya ya ware noti daban, waya daban, kamar yadda kuke yi a nan. Hannunka ya saba, ya yi aikinsa ba ka sani ba. Ina farantin?"

Kingsley ya jawo wani buhu, garin gilashi na sheƙi a ciki.

"Robar bayan fa, mai rubutun?" in ji Clara.

"Na ƙona. Kullum na zo, bangon kike kallo, Clara. Na ce in babu shi, ƙila ki gan ni."

Ta durƙusa ta tsoma hannu cikin buhun. Gilashin ya yanke ta, ba ta janye ba.

"Jiya na ɗinka kayan da zan sa in ce maka to," ta ce. "Sajan, tafi da shi. Buhun nawa ne."