Inda Hasken Ya Ƙare

Ranar da na sayo tocilar nan mai araha, matata dariya ta yi. "Wannan ko kyankyaso ba za ta firgita ba," in ji ta. Na ce ai sito zan shiga da ita, ba daji ba.

Da yamma, bayan leburori sun tashi, aka ɗauke wuta ina can ƙuryar sito ina duba buhuna. Na kunna ta. Haskenta fari ne tas, sai dai ba ya nisa. Daidai inda ya ƙare, tsakanina da ƙofa, wani mutum na tsaye. Ƙafafunsa kawai nake gani, a jiƙe, babu takalmi.

"Malam, an tashi fa," na ce.

"Na sani." Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. "Tocilarka ba ta riƙe caji."

Gaskiya ya faɗa. Hasken ya soma ja da baya, ƙafafun kuwa suna nan a bakinsa. Ban ga ya ɗaga ko ɗaya ba, amma warin danyar ƙasa ya iso hancina. Na buga tocilar a tafin hannu, ta farfaɗo, sai ga shi can nesa. Ta sake dushewa, ya dawo kusa.

Na yi ta bugawa har hannuna ya yi tsami. Hasken ya rage iya yatsun ƙafata, nasa na dab da su.

"Bar wahalar da kanka," ya ce a hankali. "Wanda ka gada a aikin nan ma irinta ya saya."